Wutar da Ba a Hura Ta da Kara: Ma'anar Zafin Halwa a Wurin Mutanen Tibet da Sin

Duk wanda ya taɓa kwana a Kangire, ko a wani gari na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke saukowa daga arewa maso gabas da hazo, ta tsattsage leɓe ta tayar da kaushi, ya san darajar wuta ba sai an karanta masa ba. Domin a irin wannan lokaci ne za ka tarar da dattawa sun kewaye tarin kara tun kafin hantsi, almajirai kuma a tsangaya sun haɗa itacen da suka yiwo da yamma, suna biya allunansu a haskensa har dare ya raba. To, ga mutumin da ya tashi cikin wannan hali, ba ƙaramin abin al'ajabi ba ne ya ji cewa can a duwatsun Himalaya, inda ruwa ke daskarewa wata da watanni, akwai masu zama a kogo da mayafi ɗaya tak na auduga, suna cewa wutar da ke ɗumama su a cikin mararsu take. Kuma gaba da su, a ƙasar Sin, akwai masu bin tafarkin da ake kira Tao, waɗanda suka cika littattafai da zancen wata wuta ta cikin jiki, da yadda ake hura ta, da lokacin da ya kamata a sassauta mata.

Kafin mai karatu ya ce ina ruwan Musulmi da sha'anin waɗanda ba alƙiblarsu ɗaya da shi ba, ya kamata ya tuna cewa magabata ba su ɗauki binciken aƙidun al'ummomi ɓata lokaci ba. Abu Raihanal Biruni, wanda ya zauna a Gazna cikin ƙarni na 11, ya koyi harshen malaman Indiya, ya mayar da littafin Patanjali na horon rai zuwa Larabci, ya kuma kammala babban littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030. Shaharastani kuwa, wanda ya rasu a 1153, ya kawo zancen mabiya Buddha a cikin littafinsa Almilal wan Nihal. Sawun waɗannan za mu bi, watau mu fara fahimtar abin da mutane ke nufi da maganarsu, sa'an nan mu ɗora ta a kan ma'auni.

Wutar da ake kashewa

Abu na farko da ya wajaba a sani shi ne, a asalin koyarwar Buddha wuta abar gudu ce. Shi wannan mutum, wanda sunansa na yanka Siddhartha Gautama, ɗan sarauta ne daga gindin Himalaya, a yankin da yau yake kan iyakar Nepal da Indiya, ya kuma rayu kimanin ƙarni 5 kafin Annabi Isa, alaihis salam. Bayan ya bar gidan sarauta ya yi shekara 6 yana azabtar da jikinsa da yunwa da riƙe numfashi, har ya gane cewa wannan ba ta kai shi ko'ina ba, sai ya koma ga abin da ya kira matsakaiciyar hanya. Mabiyansa sun ruwaito cewa wata rana, a kan wani tudu kusa da garin Gaya, ya yi wa waɗansu masu zuhudu su 1,000 wa'azi, waɗanda da can bautar wuta suke yi, ya nuna musu cewa ido da abin da yake gani, da kunne da abin da yake ji, har zuwa ga zuciya da abin da take saƙawa, dukkansu ci suke yi da wuta uku: wutar kwaɗayi, da wutar ƙiyayya, da wutar ruɗu. Maƙasudin tafarkin nasa kuwa, wanda suke kira nirbana, shi ne mutuwar waɗannan wutace uku.

Wutar da ake hurawa

Ta yaya ke nan aka wayi gari waɗansu daga cikin mabiyansa suna hura wuta a cikinsu da gangan? Amsar tana cikin abin da ya faru fiye da shekara 1,000 bayansa, a arewa maso gabashin Indiya, zamanin sarakunan Pala, inda waɗansu malamai suka ce ƙarfin da ke cikin sha'awa da fushi ba abin zubarwa ba ne, domin shi kansa ƙarfin ba shi da laifi, alkiblar da ya fuskanta ce ta karkace. Idan an kama shi an juya shi, shi ne zai ƙone tushen da ya fito daga gare shi. Daga cikin waɗannan malamai akwai Naropa, wanda ya bar babbar makarantar Nalanda, alhali yana cikin manyan malamanta, ya bi wani mai zuhudu da ake kira Tilopa. Daga hannun Naropa wani mutumin Tibet mai suna Marpa, mai fassara littattafai, ya karɓi koyarwa guda 6 cikin ƙarni na 11 ya haura da su gida, kuma wadda aka ɗauka ita ce ginshiƙin sauran ita ce wannan ta wutar ciki, wadda mutanen Tibet ke kira tummo.

Wanda ya fi kowa shahara da ita shi ne Milarepa, almajirin Marpa. Tarihinsa ya nuna cewa da ƙuruciya ya halaka mutane da sihiri don ɗaukar fansa a kan dangin da suka cinye musu gado, daga baya nadama ta kama shi, ya je wurin Marpa, shi kuwa ya yi ta sa shi gina hasumiyar dutse yana sa shi rushewa, shekara da shekaru, kafin ya yarda ya ba shi izini. Daga nan ya shige kogunan duwatsu da tufa ɗaya ta auduga, yana cin ganyen daji. Mai karatu ya lura da tsarin labarin: tuba ce ta fara zuwa, sa'an nan hidimar malami da karya girman kai, sa'an nan izini, sa'an nan wutar.

Yadda suke siffanta aikin kuwa shi ne, suna ƙaddara cewa a jikin ɗan Adam akwai magudanai guda 3 waɗanda wuƙar likita ba ta riskarsu, ɗaya a tsakiya daga ƙasan cibiya zuwa maɗiga, biyu a damanta da hagunta, da mahaɗai a cibiya da ƙirji da maƙogwaro da tsakar ka. Kuma a wurinsu tunani bisa numfashi yake hawa, saboda haka muddin iskar jiki na yawo a magudanan gefe, zuciya ba za ta daina waswasi ba. Mai halwa zai zauna ya miƙe gadon bayansa, ya shaƙi iska ya danne ta ƙasa, ya ɗan tamke mara daga ƙasa, ya riƙe ta a nan, yana kuma sawwala wani ɗan harshen wuta siriri, kimanin yatsa 4 a ƙarƙashin cibiya, wanda ke ƙara tsawo da kowane numfashi yana bin magudanar tsakiya, har zafinsa ya narkar da wani farin ɗigo da suke cewa yana maɗiga. Saukowar wannan ɗigo, in ji su, tana haifar da ni'ima hawa 4, kowace ta fi ta bayanta, kuma a daidai lokacin da ni'imar ta mamaye zuciya har tunani ya tsaya cik, a nan ne ake son mai halwa ya dubi haƙiƙanin hankalinsa, ya ga cewa babu wani abu, har da shi kansa, wanda yake da tsayayyen zati na ƙashin kansa. Wannan gani shi ne abin nema. Ɗumin jiki alama ce kurum ta cewa aiki ya fara kamawa, kuma malamansu, irin su Tsongkhapa wanda ya rasu a 1419 ya bar sharhi a kan koyarwar nan 6, sun shardanta cewa sai wanda ya riga ya horu da tausayin halitta da kiyaye alkawuran tafarki ne zai shige ta.

Duniyar waje ta fara jin labarin ne sosai daga bakin Alexandra David-Néel, wata Bafaranshiya da ta shiga birnin Lhasa a ɓoye a 1924, wadda ta ba da labarin masu busar da jiƙaƙƙen mayafi da zafin jikinsu cikin daren sanyi. A 1981 Herbert Benson, likita daga Jami'ar Harvard ta Amurka, ya je Dharamsala a arewacin Indiya da yardar Dalai Lama, jagoran addinin mutanen Tibet, ya auna ruhubanawa 3, ya tarar zafin yatsun hannu da na ƙafa yana ƙaruwa har da digiri 8.3 a ma'aunin Salshiyas, aka buga sakamakon a mujallar Nature a 1982. A 2013 kuma Maria Kozhevnikov da abokan aikinta, bayan sun yi awo a gabashin Tibet, sun nuna cewa zafin jiki kansa yana iya kaiwa digiri 38.3, watau haddin ɗan zazzaɓi, kuma riƙe numfashi da tamke mara su ke samar da zafin, tattara hankali a kan surar wutar kuwa shi ke sa ya daɗe. Ashe dai abin yana da sababi a cikin halittar jiki, ba sihiri ba ne, ba kuma hujja ba ce ta ingancin aƙida.

Tanderun mutanen Sin

Su kuwa mutanen Tao ta wata ƙofa dabam suka shigo. Tafarkinsu, wanda suke jingina asalinsa ga wani dattijo mai suna Laozi, ya ginu ne a kan neman dacewa da tsarin da halitta ke gudana a kai, da kuma tsawon rai. Ƙarnuka da yawa masanansu sun yi ta dafa zaiba da dalma da wani jan dutse a cikin tanderu, suna neman haɗa ƙwayar da in an haɗiye ta ba a mutuwa, kuma tarihin Sin ya tabbatar da cewa sarakuna da dama na daular Tang, ciki har da Wuzong wanda ya mutu a 846, wannan magani ne ya yi ajalinsu. Sannu a hankali sai masu basira daga cikinsu suka mayar da dukkan aikin zuwa cikin jiki: tanderu ya koma wani gurbi a mara, ƙarƙashin cibiya, da suke kira dantian, zaiba da dalma kuma suka zama ishara ga ƙarfafan da ke cikin mutum. Littafin da Zhang Boduan ya kammala a 1075 yana cikin manyan madogaran wannan fanni.

A ƙa'idarsu mutum yana da taska 3: tsatson jiki wanda daga gare shi haihuwa ke fitowa, da ƙarfin numfashi, da ruhi, aikin kuwa shi ne a tace na farko ya zama na biyu, a tace na biyu ya zama na uku, a mayar da na uku ga asalinsa. Suna cewa zuciya wuta ce, ƙoda kuwa ruwa, kuma tun da ɗabi'ar wuta tashi sama, ɗabi'ar ruwa gangarawa ƙasa, to, mutumin da ya saki kansa kullum wutarsa na tashi ta zama fushi da yawan tunani, ruwansa na zurarewa ta hanyar sha'awa, su yi ta nisantar juna har tsufa ya cim masa. Mai hikima shi ne wanda ya juya lamarin, ya saukar da wutar zuciya, watau natsattsen hankali, zuwa ƙarƙashin ruwan, domin a sami dahuwa. Babban sirrin fannin duka a wurinsu shi ne sanin gwargwadon wuta, wanda suke kira huohou: lokacin da ake bukatar wuta mai ƙarfi, watau himma da numfashi mai nauyi, da lokacin da ake bukatar wuta mai taushi, watau a bar numfashi ya tafi da kansa hankali na gadinsa kawai. Sanannen abu ne a tsakaninsu cewa magabata sun rubuta kayan haɗi amma gwargwadon wuta sai daga baki zuwa kunne, kuma suna da suna na musamman ga halin wanda wutarsa ta kuɓuce masa ya sami taɓin hankali.

Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ranar kasuwa ba zai sha wuyar gane wannan ba. Yaron da ke kan zuga-zugi ƙarfi kawai yake bayarwa. Idon maƙeri shi ke duban launin ƙarfe a cikin gawayi, ya san lokacin da zai ce a ƙara da lokacin da zai ce a dakata, domin in iska ta yi kaɗan ƙarfe ba zai yi laushin da masaba za ta sarrafa shi ba, in kuwa ta yi yawa ya ƙone ya lalace, kuma wannan ido ba a samunsa sai da daɗewa a gindin ubangida.

Su kansu manyan wannan tafarki sun san iyakar abin da ke hannunsu. A 1222, lokacin da Jangis Khan, sarkin Mongolawa, ya sa aka kawo masa Qiu Chuji, almajirin Wang Chongyang wanda ya kafa ɗariƙar Quanzhen, daga Sin har sansaninsa a duwatsun ƙasar Afganistan ta yau, ya tambaye shi maganin dawwama, tsohon ya amsa masa da cewa hanyar kiyaye lafiya tana nan amma maganin mutuwa babu, ya kuma yi masa nasiha da rage sha'awa da sassauta zubar da jini.

Abin da ya fi kusa da wannan a ƙasarmu

Idan muka dawo gida, ba za mu sami tummo ko tanderun Tao a ƙasar Hausa ba, amma za mu sami ilmin tasawwufi, wanda ya daɗe yana magana a kan zafin zuciya da harshensa na kansa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, wanda kuma malaman zaure ke karantar da Ihya'u nasa har yau, ya siffanta fushi da wuta da aka ajiye a zuciya, ya kuma bayyana cewa manufar riyala ba tumɓuke fushi da sha'awa ba ce, tun da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, manufarta a mayar da su ga daidaito ƙarƙashin hankali da shari'a. Har ma ya sa wa wani littafinsa suna Kimiya'us Sa'ada, yana aron sana'ar masu dafa ma'adinai don bayanin gyaran zuciya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, Baƙadire ne, ya haɗa karantarwa da wuridi. A Kano, a gidan Shehu Nasiru Kabara wanda ya rasu a 1996, da sauran zawiyoyin Ƙadiriyya, an san zikirin anfasu, inda ambato ke tafiya tare da shiga da fitar numfashi, ga kuma bandiri. Tijjanawa kuwa, waɗanda ake jin wazifarsu a masallatan garuruwa da ƙauyukan Jigawa kamar sauran ƙasar Hausa, suna da lazimi safe da yamma da zikirin Juma'a, kuma a hannun mabiya Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975, akwai tarbiyya, wadda muridi ba ya shigarta sai da izinin murabbi. A bakin waɗannan bayin Allah ne ake jin zancen shauƙi da ƙunar bege, da zauƙi, da fana'i, da kuma majazubi, wanda hali ya rinjaye shi. Malamanmu sun yi saɓani a kan waɗansu daga cikin waɗannan ayyuka, saɓanin kuma sananne ne. Amma babu mai musun cewa tsarkake zuciya daga hassada da girman kai da fushi wajibi ne.

Sai dai kamanni a zahiri kada ya ruɗi mai karatu har ya ce duk kanwar ja ce, domin bambancin yana can a tushe. Koyarwar Buddha ba ta tabbatar da Mahalicci ba, ba ta kuma tabbatar da rai dawwamamme ba, abin da take nema shi ne kuɓuta daga maimaita haihuwa da mutuwa; Tao kuwa tsari ne da ake dacewa da shi, ba Ubangiji mai umarni da hani da aiko manzanni ba. Ƙunar da sufi ke magana a kai tana da Abin So, wanda ake bauta wa, ake tsoron fushinsa, ake kwaɗayin yardarsa; zikiri kuma ibada ce wadda shari'a ta yi wa iyaka, halin da ke sauka a cikinta baiwa ce daga Allah, ba abin da dabarar numfashi ke jawowa dole ba. Wanda ya cakuɗa waɗannan ya zalunci ɓangarorin duka, domin ya faɗa wa kowannensu abin da bai ce ba.

Duk da haka akwai abu 3 da hankulan waɗannan al'ummomi, masu nisan ƙasa da harshe da addini, suka haɗu a kansu, kuma haɗuwar tasu abar lura ce. Na farko, cewa a cikin kowane mutum akwai wani zafi wanda in an bar shi sakaka zai cinye mai shi, in kuwa an yi masa linzami zai zama himma. Na biyu, cewa gwargwado shi ne kan aiki, kuma gwargwado ba ya samuwa sai a hannun malami wanda ya san almajirinsa. Na uku, cewa abin al'ajabi da ke bayyana a jiki ba shi ne ma'aunin mutum ba. Sufayenmu sun daɗe suna fifita istiƙama a kan karama, suna kuma gargaɗi da istidraji, watau baiwar da ake yi wa mutum don a ja shi zuwa halaka.

Wannan bayani yana da amfani a yau saboda wayar hannu ta shiga kowane ƙauye, kuma samari na ganin hotunan masu zama cikin ƙanƙara, irin su Wim Hof ɗan ƙasar Holan, wanda hanyarsa dabam take da tummo ko da yake ana yawan haɗa su, suna kuma jin masu tallar numfashin da wai ke buɗe ƙarfin ɓoye. Sauri-saurin numfashi da riƙe shi na iya sa mutum ya suma, wanda kuwa ya gwada haka a cikin kogi ko kududdufi yana iya nutsewa. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da mace mai juna biyu, bai kamata su kusanci irin wannan ba sam. Mutanen da suka gaji abin kaka da kakanni ba su ba da shi ga baƙo a rana ɗaya, balle wanda ya tsince shi a waya.

Wutar da ta fi bukatar kulawarmu kuwa tana nan kusa: ita ce wadda ke tashi tsakanin manomi da makiyayi da kaka a kan abin da zama ɗaya a gaban mai gari zai warware, da wadda ke raba miji da mata a kan kalma guda, da wadda ke tura saurayi ga ƙwaya don ya kashe zafin zaman banza. Saboda haka kiranmu ga malaman zaure da na tsangaya da na makarantun boko, daga Kangire har Gwaram, shi ne su ba babin gyaran zuciya haƙƙinsa kamar yadda suke ba babin tsarki da salla, su koya wa yara haɗiye fushi da tsare sha'awa tun suna ƙanana. Kai kuma mai karatu, ka nemi sanin abin da ke wurin sauran al'ummomi da adalci, ka riƙe naka da ilmi, kada kuma ka shiga wata riyala, ta gida ce ko ta waje, ba tare da malamin da ka amince da addininsa da hankalinsa ba.